Tsohuwar wasiƙa: adon bango ce ko ajiyar akwati?

Ɗalibar Zane: Assalamu alaikum malamai. Akwai wani yayi da ya shigo yanzu. Mutum zai zaƙulo tsohuwar wasiƙar kakansa ta ajami ko ta Larabci, ya kai shagon kwamfuta a yi mata laminetin, a sa ta a firam, a rataye a falo kusa da hoton biki. Wasu na cewa girmamawa ce, wasu na cewa ɓarna ce. Tambayata biyu. Shin wasiƙar hannu abin fasaha ce kamar zayyanar allo ko aikin wuyan riga, ko kuwa saƙo ce kawai, da an karanta ta gama aikinta? In kuma tana da wannan darajar, yaya ake adana ta?

Ma'ajiyar Takardu: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, bari in fara da na gaggawa, don wataƙila wani na kan hanyar shago yanzu haka. Kada a yi laminetin. Injin yana narkar da gam ne da zafin da ya kan wuce digiri 100, gam ɗin ya ratsa cikin zaren takardar ya haɗe da ita. Daga ranar babu mai iya raba su ba tare da tawada ta bi ledar ba. Kuma takardar ba ta daina tsufa don an rufe ta, tsamin da ke jikinta ne ma aka kulle mata a ciki. Bayan wasu shekaru ledar ta yi rawaya, gefenta ya buɗe, danshin damina ya shiga ya rasa hanyar fita. Sai ka ga funfuna ta yi fure a ciki kana kallo, ba yadda za ka yi.

Alaramma: Tambayar farko kuwa Alƙur'ani ya riga mu amsa ta. A Suratun Namli, da wasiƙar Annabi Sulaiman ta iso wa sarauniyar Saba'i, kafin ta faɗa wa fadawanta abin da ke ciki sai da ta siffanta ta da cewa takarda ce mai daraja. Daga cikin abin da malaman tafsiri suka faɗa akwai cewa darajarta hatimin da ke kanta ne. Haka kuma ya tabbata cewa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin rubuta wa sarakunan ƙasashe, aka ce masa ba sa karanta takardar da ba hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zoben azurfa mai layi uku. Ashe ke nan tun can jikin wasiƙa yana magana kafin a karanta kalma ɗaya.

Malamin Tarihi: Allah ya gafarta Malam, haka yake. Amma ni ina da ja kaɗan a kan kalmar "fasaha". Wanda ya saba ganin wasiƙun daular Sakkwato ya san ba a yi su don ado ba. Hannu ne mai sauri, yawanci ba wasali, ba jar tawada, ba zayyana, sau da yawa ma ba kwanan wata. Magatakarda na da takardu goma a gabansa, manzo ya ɗaura sirdi yana jira. Dubi wasiƙun da aka samu a gidan Waziri Buhari bayan Turawa sun shiga Sakkwato a watan Maris na 1903, waɗanda wani Bature mai suna Backwell ya shirya fassararsu aka buga a Legas a 1927. Maganar gaisuwar sarakuna ce, da rikicin iyaka, da bayin da suka gudu, da labarin motsin Nasara. Takardun aiki ne. Mu ne yau muke kallonsu da idon gidan tarihi.

Ɗan Barno: Malam, a nan na rabu da kai. Rashin zayyana bai kore ƙwarewa ba. Ɗauki wasiƙar fadar Shehun Barno ka riƙe ta nesa da ido yadda ba za ka iya karantawa ba. Me ka gani? Hatimi a sama shi kaɗai, an bar masa fili. Rubutun ya taru ya yi gini guda, layuka a miƙe ba tare da an ja layi ba, an bar gefe fari. Kaurin alƙalami ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Wanda bai iya karatu ba ma ya san daga babban wuri ta fito. Hatimin Shehu Laminu na ɗauke da shekarar 1235 ta Hijira, kuma a wurin masu tarihi wannan ɗan tambarin hujja ce ta lokacin da ya tsaya da ƙafarsa a mulki. Ai ba a banza ake zaɓen magatakarda ba. Takarda a lokacin tsada gare ta, daga hamada take zuwa a bayan raƙumi, wanda zai ɓata ta ba ya zama a fada.

Malamin Tarihi: Na karɓi wannan. In tsari kake nufi, akwai shi, har littafi aka yi a kansa. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga ya rasu a Kete Krachi ta ƙasar Gana a 1934, tun yana saurayi a 1877 ya wallafa littafin koyar da rubuta wasiƙa da Larabci: yadda ake rubuta wa sarki, da malami, da aboki, kowa da irin buɗewar da ta dace da shi. Fatake masu safarar goro tsakanin Gwanja da Kano da irin waɗannan takardu suke bin bashi suna ba da amana. Abin da nake gudu kawai shi ne a ɗauki takardar da ke maganar rayuwar mutane a mayar da ita fentin bango, wanda ya rataye ta bai ma san me ta ce ba.

Ɗalibar Zane: To malamai, ku sauko mana ƙasa. Da me ake yin su? Me ya sa wata tawadar ta yi shekara ɗari tana baƙa wuluk, wata kuma ta koma ja har ta huda takarda?

Alaramma: 'Yata, tawada iri biyu ce, kuma halinsu ya saɓa.

Ta farko ita ce ta gawayi, wadda muke kira zuge, ta rubutun allo. Gawayi ne ake dakawa a tankaɗe ya yi laushi kamar kwalli, ko a kankaro baƙin gindin tukunya, a haɗa da ƙaro da ruwa a dafa. Ita zama take yi a saman takarda, ƙaro ne ke riƙe da ita. Ba ta dusashewa, ba ta cin takarda, amma ɗigon ruwa ɗaya ya ishe ta, tunda dama don a wanke aka yi ta. In ƙaro ya yi kaɗan, tana bin yatsa. In ya yi yawa, tana ƙyalli, ta tsattsage, ta ɓanɓare, a damina kuma ta manne da takardar da ke kanta.

Ta biyu yambari, ta rubutun takarda. A samo busasshiyar bagaruwa cikin tafin hannu biyu, a fitar da 'ya'yan, a farfasa ɓawon, a jiƙa a ruwa kamar rabin lita. A jefa kashin maƙera ko tsohon ƙarfe mai tsatsa. A rufe a bar shi kamar mako guda ana motsawa. Sannan a tafasa har ruwan ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, a tace da tsumma mai laushi sau biyu, a zuba jiƙaƙƙen ƙaro kaɗan-kaɗan ana gwadawa. Gwajin shi ne a ja layi: in ya bazu kamar gashi, ƙaro bai isa ba, in ta ƙi sauka daga bakin alƙalami, ya yi yawa. Lokacin rubutu za ki gan ta fara-fara, sai ta sha iska take yin baƙi. Wannan shiga cikin takarda take yi, ruwa ba ya ɗauke ta da sauƙi.

Alƙalami kuwa gamba ce ko karan dawa da ya bushe sarai. A fiƙe shi a karkace, a tsaga bakin kaɗan don tawada ta bi, a datse kan daidai kaurin da ake so. Tsagar in ta yi tsawo, tawada zuba take yi.

Ma'ajiyar Takardu: Allah ya saka da alheri, Malam. Amsar hudawar tana cikin bayaninka. Sinadarin bagaruwa, wanda dukawa ke jima da shi, shi ke kama ƙarfen su zama baƙi. In ƙarfen ya fi ƙarfin bagaruwar, ragowarsa na nan zaune a cikin takarda, duk lokacin da danshi ya zo sai ya ci gaba da cin zarenta. Matakan a jere suke. Da fari rubutun ya koma ruwan ƙasa. Sai a ga inuwa ta kewaye kowane harafi. Sai rubutun ya ɓullo ta bayan takardar. Daga ƙarshe wuraren da alƙalami ya zauna da nauyi, kamar cikin harafin mimun da ɗigo, su faɗo, a bar takarda kamar rariya. Turawa ma da irin wannan tawadar suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu, ciwon ɗaya ne a ɗakunan ajiyarsu.

Sannan ku ɗaga takardar ku sa fitila a bayanta. In ta ƙarni na 19 ce, sau da yawa za ku ga siraran layuka a jere, da jinjirin wata uku, ko wata mai fuskar mutum a cikin garkuwa, wani lokaci da haruffan AG. Wannan ta masana'antar Galvani ce da ke Pordenone a arewacin Italiya, ta biyo ta Tarabulus ko Masar. Da tsummoki aka yi ta, shi ya sa ta fi takardar littafin makaranta ta 1970 ƙarfi, wadda aka yi da ɓagaren itace mai tsami. Tunda yawancin wasiƙun ba kwanan wata, wannan alamar na cikin abin da ake kimanta shekarunsu da shi. Wanda ya manne wasiƙa a jikin katako ya rufe wannan ƙofar.

Tsohon Magatakarda: Kuna ta maganar sarakuna. Wasiƙar da ke cikin akwatin yawancin gidaje ba ta fada ba ce. Ta soja ce daga ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, ko ta ɗan ci-rani daga Ikko, ko ta alhajin ƙasa da ya tsaya a Sudan yana noman auduga don ya tara guzuri. Kuma mafi yawansu ba mai saƙon ne ya rubuta ba. Tsohuwa ce za ta zauna gaban mai rubutu a bakin gidan waya, ko ta kira ɗan makarantar unguwa. Saboda haka in kuna neman "hannun kaka" a ciki, hannun wani ne.

Ga inda za ku sami ita kakar. Buɗewar duk iri ɗaya ce: takarda ta fito daga hannun wance zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Wannan na mai rubutu ne, ko barci yake zai rubuta shi. Bayan "bayan haka" sai harshe ya sauya. Jimla ta gajarce. A ce an yi ruwa, gero ya yi kyau, akuyar nan ta haifi biyu, rufin ɗaki na zuba. Sai jerin gaisuwa, wanda shi ne zuciyar takardar: wa aka fara ambata, wa aka bari a ƙarshe, wa aka tsallake. Uwa ba za ta faɗi sunan ɗan fari ba ko a takarda, sai ta ce a rubuta "yaron nan" ko lakabinsa. Bayan an rufe da "haza wassalam" sai ta tuna wani abu, mai rubutu ya juya takarda ya cusa shi a gefe, layin ya hau sama a karkace. Wannan karkataccen layin sau da yawa shi ne ainihin abin da ya sa aka aiko takardar.

Ɗalibar Zane: Baba, wannan ya taɓa ni. Amma ai shi ya sa mutane ke son ganinta kullum a bango. Laifi ne?

Ɗan Barno: Son ganin ba laifi ba ne, kuma ba mu muka fara ba. A ƙasar Sin, daga cikin manyan abubuwan da ake koyon kyan rubutu da su akwai wasiƙu. Wang Xizhi, wanda ya rayu a ƙarni na 4, yana da wata 'yar takarda ta gaida aboki bayan dusar ƙanƙara ta sauka ta ɗauke. Haruffanta 28 ne kacal, kuma masana na ganin wadda ta rage ma kwafi ce ta zamanin daular Tang. Tana gidan tarihi na Taipei yanzu. Sarki Qianlong na ƙarni na 18 ya so ta ƙwarai, har ya yi ta buga mata hatimansa yana rubuta yabo a kewayenta shekara da shekaru, sai da abin da ya ƙara ya ninka wasiƙar nesa ba kusa ba. To ka ga so ma yana da nasa ta'adin. Amma lura, su ba sa rataye irin wannan a bar shi. A naɗe yake ko a cikin kundi, a fito da shi a kalla, a mayar.

Baduku: Mu ma haka iyayenmu suke yi ai. Takarda mai daraja tsakanin fatu biyu masu tauri ake sa ta, a ɗaure, a zura a gafaka, a rataye gafakar nesa da ƙasa saboda gara. Sai dai a kula, fatar da aka jeme da bagaruwa tana rina takardar da ta jingina da ita, ta yi mata ja a gefe. Shi ya sa ake sa farar takarda ko ƙyallen auduga a tsakani. Kuma kada a shafa wa gafakar mai alhali takardu na ciki, man yana ratsawa.

Ma'ajiyar Takardu: To ga yadda za a yi a gida, ba sai an kashe kuɗi da yawa ba.

A wanke hannu a shanya shi sarai. Safar hannu ta auduga ba ta da amfani a nan, tana sa yatsa ya kasa jin gefen takarda har ya yage ta. A share tebur, a kawar da shayi da biro.

A buɗe ninkin a hankali. In ta yi tauri tana ƙara, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe ƙayau, a dakata, kada a tilasta. Kada a yi mata guga, kada a yayyafa ruwa. Wadda ta ƙi buɗuwa a kai wa masu aikin, akwai su a Gidan Arewa da ke Kaduna da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a can Kadunan. Kafin a miƙar da ita a ɗauki hoton yadda aka ninke ta, domin ninkin ma shaida ne: a bayansa ake rubuta sunan wanda za a kai wa, kuma dattin da ke gefe ɗaya yana nuna ɓangaren da ya sha hannu da aljihu.

A cire allura, da ƙusar sitefula, da robar ɗaure kuɗi. Ƙarfe tsatsa yake yi, roba kuma narkewa take ta manne. Salatif kuwa kada ya kusance ta. In an riga an manna, a bar shi, ɓanɓarowa da hannu na tafiya da rubutu. Gyaran yagewa da siririyar takardar Japan ake yi da kunun sitacin alkama, awo ɗaya na sitaci a awo biyar na ruwa, a dafa ana juyawa har ya yi sheƙi, a bar shi ya huce, a tace. Amfaninsa shi ne ana iya warware shi gobe. Amma danshinsa na iya motsa tawada, don haka ba aikin ɗan koyo ba ne a kan rubutu.

Kowace wasiƙa a sa ta a kwance cikin ninkin farar takarda marar tsami, ambulan ɗinta da kan sarkinsa a tare da ita, don tambarin gidan waya shi ke ba da gari da rana. Bayani a rubuta shi da fensir a jikin ninkin, ba a jikin wasiƙar ba: wa ya aiko, wa aka aiko wa, wa ya faɗi haka. A sa a kwali mai murfi, a ɗora a kan kanta a ɗakin da ba ya yoyo, kada a jingina da bangon waje. Danshin da ake so tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari ne. In ya haura 65 ya daɗe a haka, funfuna ta samu gida. A duba kwalin sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta.

Na bango kuwa, a yi sikanin a ma'aunin 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, gaba da baya, mai launi ko da rubutun baƙi ne. A buga a kan takarda mai kauri daidai girman ta asali, a sa wannan a firam. Daga taku biyu ba mai bambancewa.

Ɗalibar Zane: Hajiya, in mutum ya nace sai ta asalin fa?

Ma'ajiyar Takardu: To kada takardar ta taɓa gilashi, a sa kwali mai taga a tsakani, in ba haka ba raɓa na taruwa ta ciki tawada ta manne. A riƙe ta da 'yan kusurwoyi na takarda, ba gam. Bangon da rana ba ta kaiwa, nesa da kicin da turaren wuta. Gidajen tarihi ba sa wuce haske mai awo 50 na lux ga irin wannan, wato dishi-dishi, kuma wata uku zuwa shida suke sauke ta. Ta biro ta fi kowacce saurin tafiya, shuɗi da ja a falo mai haske cikin 'yan shekaru sai a ga kamar ba a taɓa rubutu ba.

Alaramma: A ƙara da abu biyu. Kusan duk wasiƙar ajami da Bisimilla take farawa, wata da aya a ciki. Wannan ladabin ne ya sa da yawa suka salwanta, domin mutanen da in takarda ta tsufa ƙona ta suke yi ko su binne don kada a taka. Yanzu kuma kwafi ya yi arha, a kula da inda ragowar fotokwafi ke ƙarewa, kada a same su wajen mai ƙosai. Na biyu, wasiƙa amana ce tsakanin mutum biyu. A karanta ta tukuna, a samu wanda ya iya ajamin wancan zamani, mai fa'un da ɗigo ɗaya a ƙasa da ƙafun da ɗigo ɗaya a sama. Wata maganar bashi ce, wata ta saki, wata ta ambaci asalin wani gida da jikokinsa ke raye a unguwa. Irin wannan ba ta falo ba ce, balle Facebook.

Malamin Tarihi: Tunda abin ya fara zama kuɗi, a san cewa jabu ma na yawo. Wadda aka rina da shayi launinta ɗaya ne ko'ina, alhali tsufan gaske ya fi duhu a gefe da kan ninki. A duba inda rubutu ya ratsa ninki: in tawadar ta bazu a cikin karyewar, an ninke takardar kafin a rubuta, wato sabon rubutu ne a tsohuwar takarda. Fitilar duba jabun kuɗi ma na aiki, takardar da aka yi daga shekarun 1950 zuwa yau yawanci tana yin haske shuɗi a ƙarƙashinta saboda sinadarin ƙara fari, ta tsumma ba ta yi. Masu tunanin sayarwa waje kuma su sani dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba tare da izini ba.

Tsohon Magatakarda: Wajen rabon gado ne aka fi yin asara. A ce kowa ya ɗauki ɗaya don tabarraki, wasiƙu ashirin su watse gida ashirin, alhali ta bakwai amsar ta shida ce. A bar su wuri guda hannun mutum ɗaya da aka yarda da shi, a yi wa kowa kwafi.

Baduku: Hajiya, kwalin da kika ce, na takalmi zai yi?

Ma'ajiyar Takardu: Zai yi na wucin gadi in an shimfiɗa farar takarda mai kyau a ciki ta ko'ina, don shi kansa kwalin yana da tsami. A sauya shimfiɗar duk shekara, in ta fara rawaya tun kafin lokacin a nemi wani kwalin. Kada dai a sa a leda a ɗaure baki.